Haƙƙin Bishiya Mai Ciwo

Lacca kan bagaruwar bakin Shuɗin Nilu, wadda aka gabatar a gaban jama'a a Sinja, ƙasar Sudan

  

   

Maganar da na zo da ita yau ta bishiya ce, kuma bishiya mai ciwo. Na san akwai wanda zai ce a ransa: haba Malam, ana ta kai, wa yake ta kaya? Mutumin da ya fita daga Sinja da ƙafa a ƙarshen watan Yunin 2024, lokacin da Dakarun Kai Ɗaukin Gaggawa suka shigo garin, wanda ya kwana a makarantun Gadarif ko na Damazin, bai dawo ba sai bayan sojoji sun karɓe garin a watan Nuwamba, ya tarar da ɗaki babu ƙyaure, rumbu babu hatsi, wannan mutum yana da hujja idan ya yi wannan tambaya. Amma ku saurari hirar waɗanda suka dawo. Bayan an ambaci waɗanda suka rasu an yi musu addu'a, bayan an lissafa kayan da aka kwashe, sai ka ji tsohuwa ta ce, "Har darbejiyar ƙofar gida sun sare." Sai muryarta ta canza. Ƙyaure ana sayen wani a kasuwa ranar da kuɗi ya samu. Inuwar shekara arba'in kuwa babu kasuwar da ake sayar da ita.

Abin da nake so mu tashi da shi a wannan zama shi ne: bishiyar da ta yi mana hidima tana da haƙƙi a kanmu, kuma haƙƙin nan ba ya faɗuwa ranar da ta kamu da ciwo. Ranar ce ma yake ƙara nauyi. Baƙin cikin da muke ji idan muka ga tana bushewa ba rauni ba ne, ba kuma saɓo ba ne. Amma idan ya tsaya a baƙin ciki kawai, bai amfani kowa ba, sai an mayar da shi aiki.

Kakanninmu da itatuwa

Tarihin da ya kawo mu wannan ƙasa cike yake da itatuwa. A Gudu, cikin shekarar 1804, ƙarƙashin faru aka yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mubaya'a. A watan Maris na 1903, a filin Giginya aka gwabza tsakanin Sarkin Musulmi Attahiru da Turawan Ingila a bakin birnin Sakkwato. A watan Yuli na wannan shekara Attahiru ya yi shahada a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka nufo gabas, har bayan 'yan shekaru suka sauka kusa da Sinnar, garin da suka kafa ya ci sunansa. Wasu kakannin namu maniyyata ne da suka tasam ma Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma. Wasu aikin auduga ya kawo su bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin Jazira.

Duk waɗannan mutane sun iso ƙasar da ba su jin harshenta. Amma da suka ɗaga kai sai suka ga idon sani. Abin da maƙwabta ke kira tabaldi, kuka ce. Aradeb, tsamiya ce. Hijlij, aduwa ce. Haraz, gawo ne. Hashab, dakwara ce. Sunut kuma, wadda ta cika bakin kogi daga nan har Rusairis, bagaruwarmu ce. Matar da ta yi wata da watanni tana tafiya, ranar da ta ga kuka ta san yau za a sha miyar gida. Majemin da ya ga 'ya'yan bagaruwa sun zuba a ƙasa ya san sana'arsa ta biyo shi. Tun kafin su koyi gaisuwar Larabci, itatuwan nan sun riga sun yi musu maraba.

Sannan su ma suka dasa nasu. Ina so matasa su riƙe wannan da kyau, musamman bayan abin da ya faru a Damazin da Rusairis a watan Yulin 2022, da Wad al-Mahi a watan Oktoba, lokacin da aka zubar da jini a kan maganar ƙasa da wanda ya cancanci zama a kanta. Mai wucewa ba ya dasa tsamiya, domin ya san ba zai ga 'ya'yanta ba. Tsohuwar tsamiyar da ke harabar masallacin ƙauyenku, da mangwaron da kakanku ya dasa a lambu, shaida ce da ba ta buƙatar hatimi. Kuma a ƙarƙashinsu an zauna da Bafunje, da Balarabe, da Bafulatani, an sha gahawar jabana, an ɗaura aure, an sasanta rikicin gona. Duk wadda ta mutu a cikinsu, wani ɓangare na wannan shaida ne ya tafi.

Bagaruwa 'yar kogi ce

Hausawa na cewa inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya. A ƙasar Hausa bagaruwa tana tsayawa ɗai-ɗai a bakin fadama. A nan kuwa daji take yi, kuma kogi ne ya reni dajin.

Shuɗin Nilu yana sauko mana daga duwatsun Habasha. Idan damina ta kankama, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa ya cika ya tumbatsa, sai ya shiga cikin kwaruruka da ke bayan gaɓa, waɗanda ake kira maya. A can ruwan yake kwanciya na tsawon watanni. Yawancin itatuwa ba sa jure wannan, saiwarsu ruɓewa take yi. Bagaruwa kuwa tana tsaye cikin ruwa har ya janye, ta sha ta ƙoshi, ta ajiye abin da zai kai ta ƙarshen rani. Masunta sun san cewa a cikin wannan daji mai ruwa kifi ke samun mafaka ya hayayyafa. Makiyaya sun san amfanin 'ya'yanta ga awaki da raƙuma idan ciyawa ta ƙare. Manomin bakin kogi ya san inda bagaruwa ta kafa saiwa gaɓa ba ta saurin zubewa.

Tun zamanin Turawa, bayan an kafa sashen kula da gandun daji a farkon ƙarnin da ya wuce, aka killace waɗannan dazuzzuka, ana shuka irin bagaruwa idan ruwa ya janye, ana yanka idan ta kai kimanin shekara talatin. Itacenta mai nauyi ne, gara ba ta cin sa da sauƙi. Da shi ake yin falanka, wato katakon da ake shimfiɗa dogo a kai, kuma injinan yanka katako na garin Suki sun daɗe suna wannan aiki. Jirgin ƙasan da ya ɗauki audugar Jazira zuwa bakin teku, a kan bagaruwar wannan kogi ya yi ta gudu. Da ita aka sassaƙa jiragen ruwa, da ƙafafun gadon angarib, da turame, da ginshiƙan ɗaki.

Ku shiga wurin majemi ku gani da idonku. Ya tara garad, wato 'ya'yan bagaruwa, ya shanya su har sun yi ƙaras, ya zuba a turmi ya daka, ya sheƙe ƙwayar ya ware garin, ya jiƙa a kwatarniya har ruwan ya yi ja-ja-ja. Ya tsoma fatar akuya da aka riga aka cire wa gashi, yana murzawa yana juyawa, hannunsa ya rine har gwiwa. Bayan kwanaki fatar da za ta ruɓe ta zama kirgi, wadda za a yi takalmi da ita, ko gafakar Alƙur'ani, ko kube. Haka ake yi a unguwar Majema ta Kano, haka ake yi a nan. A cikin gida kuma, wace uwa ce a wurin nan ba ta taɓa jefa garad a garwashi ta turara wa yaro mai mura ba, ko ta jiƙa ta ba mai ciwon maƙogwaro ya kurkura? Bishiyar da ta shiga turminmu da gadonmu da jinyar 'ya'yanmu ta wuce a kira ta itacen wuta kawai.

Ciwon da ke cin ta

Tun cikin shekarun 1930 ma'aikatan gandun daji a Sudan suka fara ba da rahoton wani ciwo da ke busar da bagaruwa daga sama zuwa ƙasa. Zuwa farkon shekarun 1950 ya shiga dazuzzukan da ke tsakanin Khartum da Sinnar, ya kuma yi mummunar ɓarna a bakin kogin Dindir. A ƙarshen shekarun 1980 ya ɓulla kudu da madatsar Sinnar, a gaɓa biyu na kogi, wato ya iso ƙofar gidanmu.

Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne. Ganyen ƙololuwa ne ke fara yin rawaya ya kaɗe. Sai ƙananan rassa su bushe, sai manya. Za ka ga ƙaro yana tsattsafowa a jikin reshe inda ba a sare shi ba. Idan ka sa wuƙa ka ɓare ɓawon reshen da ya fara mutuwa, za ka ga wasu hanyoyi a karkace, cike da gari mai laushi, a ƙarshen hanyar kuma ga farar tsutsa mai faɗin kai. Uwarta wani ƙwaro ne mai sheƙi da masana ke kira Sphenoptera. Yana saka ƙwai a jikin ɓawo, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta kutsa ciki, ta riƙa cin siririyar fatar da ke tsakanin ɓawo da itace. Ta wannan fata abinci ke bi a jikin bishiya. Idan hanyoyin tsutsa suka zagaye reshe suka haɗu, an yanke masa abinci ke nan, sai mutuwa.

To amma ƙwaron ba shi kaɗai ba ne mai laifi. Binciken da aka yi a kan dazuzzukan nan ya nuna cewa laka ce ke share masa hanya. Kogi yana ɗauko laka mai yawa daga Habasha, kowace shekara ya ajiye wani kaso a cikin maya. Sannu a hankali ƙasan kwarin ya tashi, ruwan da ke shiga ya ragu, kwanakin da yake yi ya ragu. Bagaruwar da ta saba sha ta ƙoshi sai ta shiga rani da ƙishirwa. Kamar mutumin da yunwa ta riga ta ramar ne, zazzaɓi kaɗan sai ya kwantar da shi. Lafiyayyar bishiya tana iya toshe ramin tsutsa da ƙaronta. Mai ƙishirwa ba ta da wannan ƙarfi.

Yanzu kuma kogin da kansa ya canza hali. An gina madatsar Rusairis a 1966, aka ƙara mata tsawo aka gama a 2013. Habasha ta fara gina babbar madatsarta a 2011, ta fara tara ruwa a 2020. Babbar madatsa tana riƙe laka, wannan kam sauƙi ne ga maya. Amma tana kuma rage tashin ambaliya, ta daidaita ruwa rani da damina, alhali bagaruwa da wannan tashin take rayuwa. Kwarin da ruwa ya daina hawa, dajinsa yana cikin haɗari ko da ƙwaro ko babu. Wannan abu ne da ya kamata kowane ƙauye ya sa wa ido shekara bayan shekara.

Sai kuma hannunmu. Gaskiya ɗaci gare ta, amma sai an faɗa. Lambun ayaba da na mangwaro sun ci gefen daji a wurare da yawa, kuma mu ne gwanayen noman bakin kogi. Masu ƙona jan bulo suna cin itace ba kaɗan ba. Da yaƙi ya zo a watan Afrilun 2023, iskar gas ta yi wuya, kowa ya koma gawayi da itace. Ba na zargin uwar da ta sari reshe don ta dafa wa 'ya'yanta abinci. Amma tsakanin mai neman na tuwo da mai loda mota da ɗanyen itace akwai tazara mai nisa, kuma duk mun san wannan.

Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba

A ƙasashen Turai akwai wata bishiya da ake kira ash, wadda take a wurinsu kusan yadda bagaruwa take a wurinmu: da ita suke yin ƙotar gatari da ta fartanya da kayan ɗaki, tana bakin hanyoyinsu da iyakokin gonakinsu, sunanta yana cikin sunayen garuruwansu. A 1992 aka fara ganin tana bushewa a ƙasar Poland. Daga baya aka gano wani nau'in funfuna ne da asalinsa gabashin Asiya, iska na ɗaukar ƙwayarsa daga ganye zuwa ganye. Ya ratsa Turai, a 2012 aka tabbatar da shi a Ingila, kuma masana na tsammanin zai kashe mafi yawan itatuwan ash na ƙasar. A Amurka kuma, a 2002, kusa da birnin Detroit, aka gano wani koren ƙwaro mai sheƙi yana cin wannan bishiya, ya kashe miliyoyi. Dangi ɗaya ne da ƙwaron da ke cin bagaruwarmu, kuma aikinsu iri ɗaya: tsutsa a ƙarƙashin ɓawo.

Abu biyu suka koya da za su amfane mu. Na farko, a Amurka an gane cewa mutane ne ke yi wa ƙwaron dako, domin yana tafiya cikin itacen wuta daga gari zuwa gari, har aka yi ta gangamin hana ɗaukar itace zuwa nesa. Na biyu, a Ingila an lura cewa a tsakiyar dajin da ya mutu akan sami 'yan itatuwa ƙalilan da ciwon bai kayar ba. Saboda haka shawarar da ake ba masu gonaki ita ce kada a yi gaggawar sare bishiyar da ke da sauran rai, sai idan tana barazanar faɗo wa mutane ko hanya, domin daga cikin masu jurewar nan ne za a sami irin gobe. Ban da wannan, mutanen can ba su ji kunyar nuna damuwarsu ba. Suna ziyartar tsofaffin itatuwan, suna ɗaukar hotonsu, masassaƙa suna yin kujeru da kwanuka da itacen waɗanda suka mutu don a ajiye a tuna.

Kusa da gida ma akwai misali. A hamadar Tenere ta Nijar an yi wata bishiya 'yar dangin bagaruwa, ita kaɗai a cikin rairayi, ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma suna gane hanya da ita. Buzaye ba sa sare ta, ba sa barin raƙuma su ci. A 1973 wani direban babbar mota ya buge ta ta faɗi. Gwamnatin Nijar ba ta bar ta a yashe ba. An ɗauko gangar jikinta aka kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Musulmi ne suka yi haka, kuma babu wanda ya ce sun yi tsafi.

Ƙauna daban, bauta daban

Allah ya gafarta malamai, na san inda hankalinku yake, kuma kuna da gaskiya. Mun fito daga ƙasar da aka taɓa yi wa itatuwa yanka. Tarihin Kano ya ba da labarin bishiyar tsafi ta zamanin Barbushe, da yadda aka sare bishiyar tsafi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka gina hasumiya a wurin. An ruwaito kuma cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ya ji mutane suna zuwa salla wurin bishiyar da aka yi mubaya'ar Ridwan a Hudaibiyya, sai ya sa aka sare ta. Wannan iyaka tana nan, babu mai taɓa ta. Bishiya ba ta ba da haihuwa, ba ta kore tsiya, ba a roƙon ta komai.

Amma addinin da ya hana mu bauta mata shi ne ya koya mana tausayinta. Ya tabbata a cikin Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana jingina da wani kututturen dabino idan zai yi huɗuba. Da aka yi masa mumbari ya koma kansa, sai aka ji kututturen yana kuka, har sai da ya sauko ya rungume shi ya yi shiru. Ku duba fa, kututture ne, an riga an sare shi, ba ganye ba 'ya'ya. Bai ce a fitar da shi a ƙona ba. Ya dakatar da huɗuba ya sauko gare shi. Haka nan ya sanar da mu cewa duk Musulmin da ya dasa bishiya, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare ta, an rubuta masa sadaka. Ya kuma yi umarni cewa wanda alƙiyama ta riska da dashe a hannunsa, idan zai iya dasawa, ya dasa. Sayyidina Abubakar kuwa, da zai tura runduna Sham, cikin wasiyyarsa har da hana sare itatuwa masu 'ya'ya. A tsakiyar yaƙi ke nan.

Saboda haka tsohuwar da ta yi hawaye kan darbejiyarta ba ta yi shirka ba. Ta tuna mijinta da ya dasa ta, da 'ya'yan da suka yi karatun allo a ƙarƙashinta, da gawar da aka sallata a inuwarta. Godiya ce ga ni'ima, kuma mai gode wa ni'ima yana gode wa Mai bayarwa ne.

Abin da ke wuyanmu

To, yaya ake girmama bishiya mai ciwo? Zan kawo abubuwa biyar, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ƙauye a cikinsu.

Na ɗaya, a duba ta. Rigakafi ya fi magani. Kowane ƙauye da ke maƙwabtaka da daji ya zaɓi mutane daga masunta da makiyaya da manoma, waɗanda dama kullum suna ciki, su riƙa lura: ina ƙololuwa ta fara rawaya, wace maya ce ruwa bai shiga ba bana, kwana nawa ya yi a wadda ya shiga. A rubuta a littafi a ajiye wurin mai unguwa, a kai wa ma'aikatan Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa. Hukumar, wadda aka kafa a 1989, ba ta da idon da zai ga kowace maya, musamman a wannan hali da ƙasa ke ciki. Mu muke da shi.

Na biyu, a shayar da ita. Tunda ƙishirwa ce ke buɗe wa ƙwaro ƙofa, babban maganin ruwa ne. Mashigar da ruwa ke bi daga kogi zuwa maya, idan laka ta toshe ta, a yi gayya kafin damina a yashe. Aikin shebur ne da kwando, irin wanda muke yi wa hanyoyin ruwan lambunmu.

Na uku, a yi mata jinya da sani. Reshen da tsutsa ta cinye a yanke shi, a ƙone shi ko a yi gawayinsa nan take a wurin. Kada a loda shi da ɓawonsa a bi da shi ta cikin lafiyayyen daji, kada a jibge shi a gindin wata bishiya. Wadda ke da sauran kore kuma a ba ta damina ɗaya ko biyu, sai fa idan ta karkato kan ɗaki ko hanya. Kada ciwon bishiya ɗaya ya zama hujjar share fili don a faɗaɗa lambu.

Na huɗu, a gaje ta. Inda daji ya bushe aka ga wata tana tsaye shar, a sa mata alama, a hana gatari zuwa kusa, a tara 'ya'yanta daban. Ƙwayar bagaruwa tana da tauri, shi ya sa ake jiƙa ta a ruwan zafi kafin a shuka, ko a tsince ta daga turken awakin da suka ci garad. A shuka idan ruwa ya fara janyewa, a kare ta daga dabbobi har ta fi ƙarfin bakinsu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun nuna mana abin da talaka zai iya. Tun daga shekarun 1980 suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon su tumɓuke kututture a gona, sai su bar tohonsa, su zaɓi masu ƙarfi su rene su. Da wannan dabara aka mayar da itatuwa a kan fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Waɗanda suka dawo gida suka tarar da kututturen darbejiya, kada ku ƙone shi. Darbejiya tana toho. Ku zagaye shi da ƙaya, ku zaɓi toho biyu ko uku, ku cire sauran.

Na biyar, idan ta mutu a yi mata mutunci. Tsohuwar bishiyar dandali ko ta masallaci, idan kwananta ya ƙare, kada a wayi gari kawai a ga an yi buhunan gawayi da ita. A sanar da jama'a. A kira masassaƙi ya fitar da abin da zai fitu: benci don masallaci, alluna don makaranta, turmi, ƙyaure. A zaunar da tsofaffi su faɗi wanda ya dasa ta da abin da aka yi a ƙarƙashinta, ɗalibai su rubuta. A yi wa mai dashen addu'a, domin sadakarsa ce ta yi ta gudana shekara da shekaru. Sannan a dasa wata a gurbin, a damƙa ta a hannun wani gida da sunansa, don a san wanda za a tambaya idan ta bushe.

Iyayenmu sarakuna, wannan aiki ba zai tafi ba sai da bakinku, domin ku ne za ku zauna da sarakunan maƙwabta a yi yarjejeniya ɗaya kan daji ɗaya. Ƙwaro ba ya tambayar ƙabilar mai gona, kuma idan maya ta bushe, masuncinmu da makiyayinsu tare za su yi asara. Malamai, ku sa maganar nan a huɗuba da wa'azi. Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa sanin nisan da ake tafiya neman itace, ku tsaya kai da fata a kan wannan. Malaman makaranta, ku kai yara daji su ɓare ɓawo su ga tsutsar da idonsu, su tara iri da hannunsu. Matasa kuma, kafin ruwan bana ya hau, ina roƙon kowane ƙauye ya fitar da rana ɗaya ta gayya don yashe mashigar mayarsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka dasa muka sha inuwa. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a wannan fitina, ya mayar da waɗanda ke gudun hijira gidajensu lafiya. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya albarkaci kogin nan da abin da ke bakinsa, ya ba mu ikon barin abin da na bayanmu za su yi mana addu'a a kansa.